Kwana Casa'in na Goggon Kumasi

Ku 'ya'yana, da ku jikokin da kuka fara wayo, na san abin da ake gaya muku game da shekarar da Goggon Kumasi ta zo. An ce ni na kai ta wurin hukuma don a kore ta daga ƙasar nan. Har Zainabu ta taɓa tambayata, tana sunkuyar da kai, wai Umma da gaske ne? A ranar dariya na yi, na ce ta tashi ta duba tukunya. Yanzu da na ajiye alli, gwiwa kuma ta hana ni yawo, bari in rubuta muku yadda aka yi tun ita Goggon taku tana raye, in na yi ƙari ta ƙaryata ni. Kun san ba nauyina za ta ji ba.

Bayan kaka ne, an gama ɗaure dawa. Na dawo daga makarantarmu ta Ƙofa da la'asar, ko mayafi ban cire ba, sai ga ɗan acaba ya sauke wata mata a ƙofar gida. Doguwa ce, kakkaura, da ɗaurin ɗankwali irin wanda ba mu saba gani ba, da jaka biyu da wata robar fenti an ɗaure bakinta da leda. Ta yi sallama da murya kamar mai shela, ta ce:

"Nan ne gidan jikokin Jibo na Tsamiyar Dogo?"

Tsamiyar Dogo shi ne garinmu na asali, wanda ruwan madatsar Tiga ya cinye ina 'yar shekara bakwai. Ban da Baba, kakanku, ba wanda yake kiran sunan nan a gidanmu. Baba a lokacin ya haura tamanin da biyar, ido ya yi rauni, yana wuni a zaure a kan buzunsa ba ya ce wa kowa komai. Da ya ji sunan sai ya miƙe zaune, ya ce a shigo da ita. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce sunanta Adiza, daga Kumasi take, jikar Audu ce, ƙanin Jibo mahaifin Baba, wanda ya bi fatake zuwa Gwanja sayen goro bai dawo ba. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi aure, shi ne ta ce kafin ta mutu sai ta ga inda aka binne cibiyar kakanta. Kwana huɗu ta yi a mota. A Kano aka ce mata ta nufi Bebeji, a Bebeji wani tsoho mai sayar da igiya ya kwatanta mata mu.

Mu duk mun san labarin Audu: sun yi faɗa da yayansa a kan jaki, ya yi fushi ya bar gari. Sai Baba ya ce:

"To 'yar nan, jakin na wa ne?"

Ta ɗago kai ba ko jinkiri. "Na kakana ne, Baba. Jibo ƙwace ya yi."

Baba ya yi dariyar da rabona da jin irinta tun rasuwar Inna, har hawaye. Ya ce jininmu ce, a kawo mata ruwa, amma jaki dai na Jibo ne. Maganar jakin nan ba su taɓa sasantawa ba har ya bar duniya.

Mako biyu ta ce za ta yi. A mako na farko babanku ya ɗauke mu a kwale-kwale ni da ita, ya tuƙa har tsakiyar ruwa, inda masunta suka san garin yake a ƙasa. Ya ajiye filafili ya ce nan ne masallaci, can kasuwa, gidan Jibo kuma wajen can, gabas da tsamiya. Ba komai sai ruwa da tsuntsaye. Yaya Adiza, don haka nake kiranta tunda ta girme ni da shekara biyar, ta tsoma hannu ta shafa a fuska, ta yi wa matattu addu'a, ta yi kukanta. Da ta gama ta fyace hanci ta ce wa babanku, to tunda an zo, ba za a kama kifi ba ne?

Haka take. Kafin wata ya cika ta juye gidan nan. Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ya" ne. In na shigo sai ta ce "Malama ya dawo," yara su faɗi ƙasa don dariya, ita ma ta taya su. Robar fentin nan ashe wani baƙin yaji ne a cikinta, da aka soya da busasshen kifi, wanda ya sa Yaya Garba, babban wana, ya sha ruwa kofi uku yana cewa a ƙara masa. Ran da ta ga karan dafi, jan karan dawar nan da ake rini da shi, a gefen gonarmu ta ɗora hannu a ka, ta ce a can sai an saya ƙulli-ƙulli, mu kuma nan mun bar wa dukawa da awaki. Da shi take dafa wake da shinkafa ta fito ja wur. Ta fara aika wa maƙwabta, daga nan ta kafa tukunya a bakin ruwa inda masunta ke sauke kifi da safe, kafin hantsi ta kwashe. Baba kuwa ya dawo mutum. Kullum da yamma tana zaune gefen buzunsa, yana lissafo mata dangi, ita tana ba shi labarin yadda Audu ya tsufa yana kwatanta wa jikokinsa tsamiyar nan. Ba wanda ya ƙara tada maganar mako biyu.

Ranar da abin ya faro, ɓera ne ya shiga jakarta. Ta kawo mini fasfonta ta ce in ajiye mata a akwatina na ƙarfe. Halin malamin makaranta, ba ya ganin takarda bai buɗe ba. Na ga hatimin da aka buga mata a kan iyaka, da ranar shigowa, da wani ɗan rubutun biro a ƙasa: kwana casa'in. Na ɗauko kalanda na ƙirga. Ta ci saba'in da huɗu.

Ban ce mata komai ba sai da na buga wa Nasiru waya, wani tsohon ɗalibina da yake aikin shige da fice a can wata jiha. Ya yi mini bayani dalla-dalla. Ya ce mutanen ƙasashen nan namu na Afirka ta Yamma da suka yi yarjejeniya ba sa bukatar biza, da fasfonsu kawai suke shigowa, amma ziyara ce ta kwana casa'in. Wanda zai wuce haka, balle mai sana'a, sai ya nemi katin zama. Ya ce a je da fasfo da hotuna da wasiƙar mai masauki cewa ya ɗauki nauyinta, a cike fom, a biya abin da hukuma ta yanka. Na ce in ba a yi ba fa? Ya ce:

"Malama, a ƙauye wataƙila ba mai tambayarta. Amma ran da za ta fita, a kan iyaka za a ƙirga. Akwai tara, kuma ana iya hana ta sake shigowa. In tana son ta riƙa zuwa tana komawa, gara a yi tun kwanakin ba su cika ba."

Wannan ta ƙarshen ce ta tsaya mini a rai. Tana da 'ya'ya huɗu a Kumasi, autarta ma da ciki. Dole wata rana za ta tafi. In ta tafi aka rufe mata ƙofa, yaya zan yi da Baba?

Kuskurena shi ne na faɗa mata a tsakar gida, ana cin abincin rana, kowa na nan. Da na ja ta ɗaki, da wataƙila abin bai kai inda ya kai ba. Na ce Yaya, saura kwana goma sha shida, sai mu je Kano a yi miki katin zama irin na baƙi. Ta ajiye cokali.

"Irin na wa?"

Na ce haka sunansa yake a hukumance.

"Ni ne baƙo? A gidan kakana? Kakana yana da gona a ƙasar nan kafin a haifi wanda ya buga hatimin nan! A Kumasi an ce mana 'yan arewa, ku ba 'yan nan ba ne. Na zo arewa, ke kuma kin ɗauko kalanda kina ƙirga mini kwana!"

Ta tashi ta shige ɗaki. Yaya Garba ya wanke hannu ya ce ni dai boko ya yi mini yawa. Wa zai zo nan ya ƙirga wa tsohuwa kwana? In ma takarda ake so, ai sai a je wurin mai unguwa ya rubuta cewa nan aka haife ta, a karɓo mata shaidar 'yar ƙasa a ƙaramar hukuma, magana ta ƙare. Na ce ba zan sa dattijo ya sa hannu a kan ƙarya ba, kuma duk wanda ya ji ta buɗe baki ya san ba a nan aka haife ta ba. In asiri ya tonu, ita da mai unguwa duk sun shiga uku. Ya ce to ki yi yadda kika ga dama, amma ki sani ke kika kore ta.

Kalmar nan ta Yaya Garba ita ce ta fita waje. Kafin Juma'a gari ya ɗauka. Yaya Adiza ta raba tukunya, in mun haɗu a bakin rijiya sai ta kau da kai. Na je suna a gidan maƙwabta, matan da muka yi shekara talatin muna zama tabarma ɗaya suka matsa suka bar mini fili kamar mai ƙyanda. Wata ta ce, yadda zan ji, ashe ilimi ma yana busar da zuciya. Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne Baba. Kwana uku ana dawo mini da kwanon tuwonsa yadda na aika. Babanku kaɗai ya tsaya mini, shi ma a ɓoye, ya ce gaskiyarki ce amma ni kada ki sa ni a ciki, ina cin shinkafarta.

Ba zan ɓoye muku ba, na kusa janyewa. Na ce a raina, ina ruwana, in bar ta ta zauna, abin da zai faru ya faru. Amma duk safiya in na buɗe akwati zan ɗauki mayafi sai in ga fasfon nan. Saura kwana tara, na je zaure bayan sallar azahar na durƙusa gaban Baba, na ce ya saurare ni sau ɗaya, in ya ce in bari na bari. Na maimaita masa abin da Nasiru ya ce, ban rage ba ban ƙara ba. Ya ajiye carbinsa. Sannan ya ce in kira masa Adiza da Garba.

Da suka zauna, sai ya juyo wajena ya ce:

"Rabi, kin tuna bukkar da muka zauna a bayan gidan kawunki, shekarar da aka taso mu?"

Na ce na tuna, wadda take yoyo, har Inna take kifa mana ƙwarya a ka.

"Kin san abin da ya kai mu bukkar nan alhali kowa ya samu fili? Kafin ruwa ya zo an turo malamai suna rubuta gidaje. Suka zo ƙofata, na ce wa zai rubuta ni a gidan ubana? Kowa ya san gidan Jibo. Na saɓi fartanya na tafi gona. Da aka zo rabon filaye a sabon gari, aka karanta suna ɗaya bayan ɗaya, ba nawa. Kowa ya san ni, amma takarda ba ta san ni ba. Shekara guda ina zarya kafin a gyara. Innarku ta rufa mini asiri har ta mutu ba ta faɗa muku ba."

Ya laluba ya kama hannun Yaya Adiza.

"Ke ba baƙuwa ba ce a wurina. Amma taurin kan gidanmu na gani a tare da ke, shi ya kai Audu Gwanja, shi ya kai ni bukka. Jibi za mu Kano. Ni ne mai masaukinki, ni zan sa hannu."

Aka yi ta ba shi baki, ya ce ko a kai shi ko ya tafi da ƙafa. Rabon Baba da Kano an fi shekara ashirin. Babanku ya ɗauko shatar wata ƙaramar mota daga Yako, muka tashi da sassafe. Baba a gaba da babbar rigarsa ta Idi, ni da Yaya Adiza a baya, kowa ta manne da tagarta, Yaya Garba a tsakiya kamar katanga. Baba yana ta tambayar direba ina aka kai gonakin da ke nan, wa ya gina wannan, shi kuma wancan dogon gidan mutum nawa ne a ciki. A wurin mai hoto aka ɓata kusan awa guda, don Yaya Adiza ta ce ba za a ɗauke ta da fuskar tafiya ba. Sai da ta sa kwalli ta sake ɗauri sau uku, mai hoto yana roƙonta ta daina murmushi, tana cewa ita haka fuskarta take.

A ofishin na zaci za a wulaƙanta mu. Wata jami'a muka samu, yarinya ce sa'ar Zainabu, da kakinta a goge. Da ta ga Baba ta miƙe ta ba shi kujerarta, ta gaishe shi har ƙasa. Ta buɗe fasfo, ta ƙirga, ta ce saura mako guda, kun zo a kan lokaci, da yawa sai sun wuce suke zuwa suna kuka. Na ji Yaya Adiza ta yi wani ɗan tari, ban dube ta ba. Aka zo cike fom, ni ke rubutawa. Jami'ar ta tambayi Baba mene ne dangantakarsa da mai nema. Ai kuwa ya gyara zama ya faro daga kakan kakansa, wanda ya fara saran daji a Tsamiyar Dogo. Ya zo kan Jibo da Audu, ya shiga maganar jaki, Yaya Adiza ta katse shi ta ce ba haka aka yi ba. Mutanen da ke layi suka matso suna saurare. Yarinyar nan ta rufe baki da fayil, kafaɗunta na rawa. Da ta samu numfashi ta ce:

"Baba, layin da aka bari a fom ɗin ɗan ƙarami ne. Me zan ce a rubuta?"

Ya ce, "Rubuta 'yata."

Aka ɗauki hoton yatsunta, aka ba mu takardar shaida cewa ta nema, aka ce za a kira in kati ya fito. A hanyar dawowa Baba ya yi barci tun kafin mu fita gari. Muka tsaya sayen rake, Yaya Garba ya sauka, ya zama ba kowa tsakanina da ita. Can sai ta ɓare ayaba ta miƙo mini rabi ba tare da ta juyo ba, ta ce:

"Da kin ja ni ɗaki kin faɗa mini."

Na ce na yi kuskure, Yaya, ki yafe mini. Ta ce ita ma a yafe mata, amma in sani har yanzu miyata ba ta da yaji. Nan muka shirya.

Abin da katin nan ya saya mana ba shi da kuɗi. Da autarta ta haihu ta je Kumasi ta yi wata biyu ta dawo, ba wanda ya tsare ta a hanya. Duk lokacin sabuntawa ita take tuna mini. Shekara uku da rabi ta yi da Baba, kuma a kan cinyarta ya cika, tana laƙƙana masa kalmar shahada. Ni kuwa abin da na biya shi ne sunana, don magana in ta fita ba ta dawowa duka. Akwai matan da har gobe suke ganina a wadda ta ƙirga wa 'yar'uwarta kwana. Na ƙirga ɗin, ban musa ba.

Amma bari in rufe muku da ranar da katin ya fito, don ita na fi so in tuna. Muka karɓo shi ranar wata Alhamis, ana tsananin zafin bazara. Muna sauka daga mota ko ruwa ba ta sha ba, ta kama hannuna ta ce mu je. Gida-gida ta bi da ni, duk inda ta san an yi da ni. Ta yi sallama, ta zaro katin daga ƙugu, ta ɗaga shi sama ta ce ku duba, wannan hotona ne, wannan sunana, gwamnati da kanta ta ce in zauna, kuma Malama ne ya yi mini. Duk garin nan ni kaɗai aka rubuta wa izinin zama. Ku ina naku? Mata suka yi ta dariya suna jin kunya, yara suka biyo mu a baya kamar ana biki.

A ƙarshe muka iske mai unguwa a ƙofar gidansa, shi da dattawa a inuwar darbejiya. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta miƙa masa kati. Ya juya shi gaba da baya, ya kai kusa da ido, ya sa albarka. Sai ta ce:

"Ranka ya daɗe, kai ina naka?"

Dattijon nan ya shafa aljihun dama, ya shafa na hagu, ya cire hula ya leƙa ciki. Sannan ya dube ta ya marairaice fuska ya ce:

"Hajiya, a rufa mini asiri. Ni ma baƙo ne a nan, ruwa ne ya koro ni."